Yaron Cikin Littafin Gwanjo

A bakin Bata na same shi,
shimfiɗe kan buhu, tsakanin ƙamus marar bango
da tsohon littafin lissafi.
Mai kaya ya ce ɗari bakwai,
na ce biyar, ya ce albarka,
na juya baya, ya ce kawo.

Takardun sun yi launin shayi mai madara.
A shafin farko, da jan biro:
"Mallakar Lantana Dogara, aji huɗu, 1986."
Ko tana ina yanzu, oho.

Na buɗe shi cikin adaidaita sahu,
cunkoso ya riƙe mu a Ƙofar Nasarawa,
gumi na bin gadon bayana,
shi kuwa yaron cikin littafin
yana mitar ƙanƙara ta cika masa takalmi.
Na yi dariya har direba ya waiwayo.

Ba'amurke ne, shekara sha shida,
ba ya gaida kowa.
Uba na magana, shi yana buga ƙofa.
Na ce kai yaro, da a Yakasai aka haife ka
da tuni kawunnanka sun yi sahu a zaure.
Ga abinci, ga ɗaki naka kai kaɗai,
me kuma aka yi maka?

Da dare aka ɗauke wuta.
Na kunna fitilar waya na ci gaba,
janaretan maƙwabta yana ta tari.
Yaron na zuba mai a wani gidan mai,
yana tara kuɗin mota a cikin safa,
wai zai bar garinsu, ba zai waiwaya ba.
Ya rubuta wa wata wasiƙa, ya jira sati uku.
Sati uku!
'Yan yanzu, minti uku ba amsa
sai a ce duniya ta tashi.

Akwai inda na kife shi, na yi tsaki.
Baƙar fata ɗaya ne tak a duk labarin,
yana dakon jaka a tasha,
ko suna ba a ba shi ba.
Ni na raɗa masa: Malam Tanimu.
Na ce ajiye kayan nan ka sha ruwa,
sannan na juya shafi.

A ɗari da sha biyu
Lantana ta ja layi.
Yaron ya leƙa ta taga cikin dare,
ya ga uban nasa zaune shi kaɗai
yana ƙirga kuɗin haya, ya sake ƙirgawa,
tsakiyar kansa duk ta zube.
Bai ce komai ba. Ya koma ya kwanta da takalmi.
A gefen shafin, ƙanana-ƙanana, ta rubuta:
"Ni ma."

Ni ma, Lantana.
Na taɓa hawa Goron Dutse da keken Baba a kafaɗa,
na dubi garin nan gaba ɗaya
na rantse ba zan tsufa a cikinsa ba.
Ga ni, arba'in da bakwai,
ina sayar da tayil a Ƙofar Ruwa,
ina ƙirga ciniki sau biyu.

Ta ƙasan ƙofar Mudassir
hasken waya yana yoyo.
Kwana nawa ke nan
daga "to" sai "a'a" nake samu a bakinsa.
Na tashi, na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa,
na rasa me zan ce in ya buɗe.
Sai na jingina littafin a bakin ƙofa.

Da safe na gan shi a kan taga,
an tokare waya da shi tana caji.
Na ɗauka zan mayar ɗakina,
sai na ga an naɗe kunnen shafi na tara.
Na ajiye shi yadda na same shi,
na tafi kasuwa.